A Buɗe Ma Kifi Hanyar Gida

A yammacin ƙasar Faransa, cikin jihar Biretanyi, akwai wani ƙaramin gulbi da ake kira Lege. Tsakanin 1920 da 1922 anka datse shi da baraji mai tsawon mita 15 a Kernanskilek, domin a ba wata masana'antar takarda wutar lantarki. Masana'antar ta rufe a 1965, amma barajin ya tsaya nan har 1996, lokacin da hukuma ta rushe shi. Wannan hukunci ya yi daidai, ga kuwa dalili.

Gulbin nan mahaifa ce ta kifin da Faransawa ke kira somon. Cikin tsakuwar ruwan sanyi ake ƙyanƙyashe shi. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya gangara teku, wani har gaɓar Girinlan, ya yi ƙiba, sannan ya komo gulbin da anka haife shi domin ya zuba ƙwai. In ya tarad da bango, zuriyarsa ta yanke. Baraji kuma yana tare tsakuwa, yana ɗumama ruwa, yana ɓata ma ƙananan kifaye lokaci sa'ad da suke neman teku.

Masu ja da wannan magana suna cewa a bar bangon, a yi ma kifi matakala a gefensa. Abin da ya faru a Putes, bisa gulbin Aliye, ya isa amsa. Barajin wurin na 1941 ne, a 1986 kuma anka sa masa na'ura mai ɗaga kifi zuwa sama. Masu hawa sun ɗan samu sauƙi, amma masu gangarawa sunka ci gaba da maƙalewa cikin tabkin. Daga baya dole anka rage tsawon bangon daga mita 17 zuwa 7, anka kuma yarda a riƙa buɗe ƙofofinsa kwana 91 kowace shekara. Wuta ta ragu, kifi ya samu hanya.

Saboda haka ya kamata a auna kowane baraji da aikinsa. Wanda ke ba jama'a wuta ko ruwan noma, a gyara shi, a buɗe shi lokacin tafiyar kifi, ko da za a yi hasara kaɗan. Wanda aikinsa ya ƙare kuwa, matakala ɓarnar kuɗi ce gare shi: a kawad da shi, gulbi ya koma yadda Allah ya yi shi.