Laifin Ba Na Waakye Ba Ne

Idan ɗalibi ya ga wandonsa ya fara matse shi tun shekarar farko a jami'a, abin da yake fara zargi shi ne abincin gida. Ɗan Aboabo da ya sami gurbi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, ko a Jami'ar Fasaha ta Kumasi da ke Amakom, sai ka ji ya yi rantsuwa ya bar waakye, ya bar tuwo, ya koma neman shayin rage tumbi da tsarin cin abincin da ya gani a TikTok. Wannan hukunci ne da aka yanke ba a saurari wanda ake tuhuma ba. Abincin zango ya ciyar da kakanni ba tare da ya naƙasa su ba. Yawan abin da ake zubawa ne ya ƙaru, da abin da ake ɗora masa, lokacin ci ya sauya, kuma ƙafa ta daina tafiya.

Sunayen abincin kansu darasi ne ga mai nazarin Hausa. Waakye da ake sayarwa a ko'ina cikin Ghana daga kalmar wake ya samo suna, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja. Koose shi ne ƙosai, tuo zaafi kuwa tuwo ne mai zafi, koko ma har yau Hausa koko ake ce masa a Accra da Kumasi. Gero da masara da wake da ganye su ne tushen wannan abinci, kuma su ne likitoci ke roƙon mutane su koma gare su. Wake yana gina jiki, yana kuma daɗewa a ciki, ba ya saurin ɗaga sukarin jini. Miyar ayoyo, wadda a Kano ake kira lalo, ganye ce. Ɗalibin da ya bar waɗannan ya koma taliyar leda da soyayyen ƙwai da tsakar dare, ya bar abin da ya fi ya kama wanda bai kai ba.

Sai dai a dubi yadda ake sayen waakyen a yau. Bayan shinkafa da wake, ana ɗora taliya, a barbaɗa garin rogo, a sa soyayyiyar agade, a zuba miya mai iyo da mai, a ƙara shito, sannan a kora da lemon kwalba. Abinci mai ƙarfi iri huɗu ke nan a ganye ɗaya, ga wanda zai wuni a zaune yana sauraron lacca. Haka kokon safe: gero ne da citta da kanumfari, amma sai an narka masa sukari cokali uku ko huɗu. Haka sobolo, wato zoɓo, da burkina, wato gero da nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kimanin giram 50 ga baligi, wato cokalin shayi 12. Gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35. Wanda ya sha koko mai zaƙi da safe, ya sha lemo da rana, ya cinye rabonsa tun kafin la'asar. Ba banza ba gwamnatin Ghana ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan abubuwan sha masu zaƙi a shekarar 2023.

Batun tafiya kuwa, tarihin zangon kansa ya isa shaida. Fataken goro sukan taso daga Kano da sauran garuruwan ƙasar Hausa su yi watanni a hanya, da ƙafa da jakuna, kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne da yawa daga cikinsu suka watsu zuwa kudu, Kumasi ta zama babban masauƙinsu. Tuwo da fura da suka ci sun ƙone a kan hanya. Jikokinsu sun gaji akushin, ba su gaji tafiyar ba. Yau ɗalibi yakan hau keke mai ƙafa uku da ake kira pragya daga ƙofar gida zuwa tasha, ya shiga trotro zuwa Tech Junction, ya jira motar cikin makaranta ta kai shi bakin aji, ya zauna, ya dawo ɗaki ya kwanta da waya a hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana neman baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 30 ne a kwana biyar, kuma wanda ya sauka a Tech Junction ya taka zuwa aji da sauri, ya taka ya dawo, ya biya mafi yawan wannan bashi ba tare da ya kashe ko sidi ɗaya ba.

Abin ba wasa ba ne. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Ghana a 2014 ya nuna kashi 40 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Na 2022 ya nuna rabin mata masu shekara 20 zuwa 49 suna cikin wannan hali, maza kuwa kimanin ɗaya cikin biyar. Ƙiba mai yawa ita ke share fage ga hawan jini da ciwon sukari, cututtukan da ba a warkewa sai dai a yi ta lallaɓawa har ƙarshen rai. Gidan da ya tara kuɗin makaranta da ƙyar, yana jiran ɗa ya gama ya ɗauki nauyin ƙanne, shi ne zai koma sayen magani kowane wata idan ɗan ya kwanta yana ɗan shekara arba'in. Halin da aka ɗauka a shekara huɗu na jami'a shi ke bin mutum zuwa ofis da gidan aure, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗalibin zango, musamman mace, yana tsakanin murya biyu. A gida, ƙiba alamar kwanciyar hankali ce: idan yarinya ta dawo hutu ta yi ƙiba, sai a ce makaranta ta karɓe ta, idan ta rame, gwaggo da inna su tambaya ko lafiya. A waya kuma, hotuna suna gaya mata ba ta da kyau sai ta zama kamar sanda. Muryoyin biyu kallon jiki suke daga waje, babu wadda ta tambayi yadda zuciya ke bugawa ko yadda ake barci. Mai bin ta farko yakan sha maganin buɗe ciki don ya yi jiki. Mai bin ta biyu yakan sha shayin da mafi yawan aikinsa sa gudawa da fitsari ne, ya ga ma'auni ya sauka, alhali ruwa ne ya fita, kitsen yana nan. Ma'aikatan lafiya sun fi yarda da raguwar da ba ta wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ba. Wanda kuma ya tarar yana ƙin abinci da gangan har jiri na ɗibarsa, ko yana tilasta wa kansa amai, asibiti ya kamata ya nufa, domin wannan ma ciwo ne, kuma jami'ar tana da asibitinta.

Akwai mai cewa wannan duk maganar masu hali ce, domin ɗalibi abin da aljihunsa ya iya yake ci, ga ɗakin haya a Ayeduase ko Kotei da ba shi da wurin girki na kirki. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa matashi laifin tsadar rayuwa. Amma yawancin gyaran da ake bukata ragi ne, ragi kuwa ba ya cin kuɗi. A ce wa mai waakye ta bar taliya da gari, ta sa ƙwai da ganye. A ce wa mai koko cokali ɗaya ya isa. A riƙe gorar ruwa, kuɗin lemo ya sayi ayaba ko gyaɗa ko yalo. Wake da gero da ganyen gwaza da ake kira kontomire suna cikin abinci mafi araha a kasuwar Aboabo da Kejetia, kuma tukunya ɗaya da abokan ɗaki uku suka haɗa kuɗi suka dafa ta fi sayen leda uku sauƙi.

Lokuta biyu ne suka fi rusa shiri. Na farko lokacin jarrabawa, inda ake raba dare da lemon ƙara kuzari da biskit. Baligi yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi, yana kuma rage abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa, wato an yi asara biyu. Na biyu watan azumi, wanda ya kamata ya zama horo, amma sau da yawa yakan zama watan funkaso da masa da soye-soye daga magariba har sahur. Yaron da ya yi makarantar allo a Aboabo ya san koyarwar raba ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi tun kafin ya ji sunan wata hukumar lafiya. Aiki da ita ne ya rage.

Ga 'yan mata, kunya da tsoron bakin mutane sukan hana fita motsa jiki a unguwa. Maganin wannan jama'a ce. Ƙawaye uku ko huɗu da suka saba takawa tare bayan sallar asuba, cikin suturarsu ta yau da kullum, ba su saɓa wa kowa ba, kuma filin wasa na Paa Joe da titunan cikin jami'a a buɗe suke ga ɗalibai. Ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi da na matasan zango, waɗanda suka iya shirya wa'azi da gasar ƙwallo, za su iya shirya tattakin safiyar Asabar. Iyaye ma suna da nasu rabon: su daina auna jin daɗin ɗa da faɗin kumatunsa, su tambaye shi ko yana barci, ko yana tafiya, ko an taɓa auna jininsa.

Ɗalibin da ya rage sukari a kokonsa, ya bar taliya a kan waakyensa, ya taka daga Tech Junction, ya kwanta da wuri, mai yiwuwa ba zai ga bambanci a mako biyu ba. Zai gan shi a ƙarshen shekara, kuma ba zai rabu da abincin gidansu ba kafin ya same shi.