Kafin ka nemi ƙarin jari, nawa ne naka a shagon?

Rubutun yau da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Cikin wata biyun nan mutum biyar ne suka same ni, wasu a ofis, wasu a ƙofar gida bayan la'asar, kowa da magana ɗaya: "Yallaɓai, ko ka ji labarin fom ɗin tallafi ko rance? So nake in faɗaɗa." Da yake ana ganin mu ma'aikata kamar muna da kunne a Dutse. Akwai mai shagon tireda a nan Birnin Kudu, akwai mai POS a Babaldu, akwai wata baiwar Allah mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa daga Gwaram. Kowa na yi masa tambaya guda: yau ɗin nan in aka ƙirga kayanka da kuɗin hannunka, aka haɗa da bashin da kake bi, aka cire wanda ake bin ka, nawa ne naka? Mai ƙuli-ƙulin ce kaɗai ta ba ni amsa, har da canji. Sauran kuwa, "Ai alhamdulillahi, ana samun rufin asiri."

Ban yi musu dariya ba, don ni ma ta ci ni.

Farkon 2023 na karɓi rancen naira dubu 600 a ƙungiyar adashin ofishinmu. Doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya riƙa gudanar da kasuwanci ba in ban da noma, sai na damƙa wa ƙanena, ya buɗe tireda. Shago ya cika maƙil, kowa ya zo ya sa albarka. Bayan shekara guda da 'yan watanni na lura ana jera katan ɗin da babu komai a ciki don kada kanta ta yi fili. Na tambaye shi, ya ce, "Yaya, wallahi kasuwar ce ba ta ja. Da za a ƙaro jari da an ga canji." Har na fara lissafin sabon rance, uwargida ta ce ku ƙirga na farkon tukuna.

Muka rufe shago bayan isha'i muka zauna da fitilar waya. Ashe ciniki lafiyarsa ƙalau. Bashi ne a rubuce a bayan kwalin sukari, ya kusa dubu 180, yawancinsa na 'yan uwana ma'aikata masu "sai an yi albashi". Ga gidana da ke aiko yara su ɗauki madara da sabulu, ga gidan Hajiya, ga suna, ga biki, ba wanda aka taɓa rubutawa. Ba wanda ya saci ko sisi. Mu muka cinye shagon, kuma ni ne kan gaba.

Amma babban ramin ba nan yake ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, farashi ya riƙa tashi tsakanin sari da sari. Ƙanena ya saro katan, a ce a dubu 10, ya sayar dubu 11, ya ƙirga dubu ɗaya riba ya kashe ta. Ya koma kasuwar Singa a Kano ya tarar katan ɗin ya zama dubu 12, ban da kuɗin mota. A idonsa riba ya ci, alhali wanda yake ɗauko katan goma ya dawo yana ɗauko takwas. Uwar kuɗin yake ci yana kiran ta riba. Ribarka tana farawa ne bayan ka iya mayar da kayan da ka sayar a farashin yau. Da na zuba masa wata dubu 600 a lokacin, ramin zan faɗaɗa.

Shi ya sa ba na ɗokin tarukan horaswar nan da ake yi a ɗakunan otal. Na halarci wasu a bakin aiki. A ɗauko masani daga Abuja ya haska allo, ya yi awa uku yana turanci kan tsarin kasuwanci na shekara biyar, a raba takardar shaida da kuɗin mota, a ɗauki hoto. Ban ce ba su da ilimi ba. Amma mutumin da ke gabansu bai raba aljihun gida da na shago ba, me shekara biyar za ta yi masa? Rajista da CAC tana da amfani, SMEDAN da Bankin Masana'antu suna nan, kuma duk wanda zai ba ka kuɗi na gaske sai ya nemi ganin shige da ficen kuɗinka. In babu littafi, babu asusun banki na shagon shi kaɗai, me za ka nuna? Sai ka koma neman ɗan siyasa ya sa sunanka.

Mun kuma ga yadda rance ke ƙarewa in ya faɗa hannun da ba a shirya ba. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, wasu sun yi noma sun biya, wasu kuwa sun ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa. Kowa a nan ya san wanda ya ƙara aure da shi.

Wata cutar kuma ita ce kwaikwayo. Wane ya buɗe POS ya sayi babur, kafin wata uku layin ya cika da laima, ana rabon kwastoman da bai ƙaru ba. Haka aka yi da ajiyar hatsi. A 2024 da abinci ya yi tsada, duk mai ɗan kuɗi ya zama ɗan sito, har da mu masu albashi. Aka shiga kasuwar Sara da kaka aka kwashi masara da shinkafa ana jiran bazara. Gwamnatin tarayya kuwa tun a watan Yulin 2024 ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan shigo da masara da alkama da shinkafa da wake. Da 2025 ta shigo farashi ya yi ƙasa maimakon sama. Na san wanda ya sayar da fili ya zuba, bai mayar da uwar kuɗinsa ba, ga hayar sito, ga maganin ƙwari. Tsofaffin 'yan hatsi ma sun ji a jikinsu, amma su ba sa zuba komai a kaya ɗaya, kuma ba da kuɗin rance suke ajiya ba.

In girma ake nema, ni a ganina yana kusa da mu fiye da yadda muke zato. Riɗin da ake nomawa a Gwaram da zoɓon Jigawa suna bi ta Dawanau su tafi har Japan da Turkiyya da Meziko. Mu muna sayarwa da ƙasa da tsakuwa a ciki, wani a Kano ya tankaɗe ya tsince ya ɗinke a sabon buhu, ya ci bambancin. Matasa biyar da za su haɗa kai su riƙa kai tsaftataccen kaya, awo cikakke, ba algus, dillali da kansa zai riƙa kiran su a waya. Wannan ba ya buƙatar miliyoyi. Yana buƙatar amana tsakanin mutum biyar, wadda na yarda ta fi miliyan wuyar samu.

Kullum muna alfahari Aliko Dangote ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu. Gaskiya ne. Sai dai mukan tsallake cewa ya fito daga gidan Dantata inda yaro ke tashi da lissafi, kuma ya yi kusan shekara 20 yana saye da sayarwa kafin ya juya ga kafa masana'antu a ƙarshen shekarun 1990. Rubuta bashi kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, a kansa ta sauka. Zakkar dukiyar kasuwanci ma ba ta fita sai ka ƙirga kayanka duk shekara. To wanda bai san nawa ne nasa ba, ɗaya cikin arba'in na me yake fitarwa?

Abin da muka yi da ƙanena ba wani abin burgewa ba ne. Littafi biyu irin na 'yan makaranta, ɗaya na ciniki ɗaya na bashi. Muka yanka masa albashi a wata, ya daina ɗiba daga akwati. Gidana da gidan Hajiya duk abin da aka ɗauka a rubuta, ni ke biya ranar albashi. Bashi yana da iyaka, wanda bai biya na baya ba babu sabo. Wannan ta jawo mana surutu, wani abokin aikina har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Kafin ya sa farashi kuma sai ya buga waya Singa ya ji na yau. Kayan da ke kwana wata uku a kanta muka daina sarowa.

Shagon bai zama kantin zamani ba, kuma har yanzu ana cire mini rancen a albashi. Amma katan ɗin da ke kan kanta yanzu da kaya a ciki.

Mai ƙuli-ƙulin nan kuwa, 'yarta 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ce ke rubuta mata komai. Ta san tiya nawa na gyaɗa ke ba ta kwalba nawa na mai, ta san abin da take biya wajen markaɗe duk mako, ta kuma lissafa cewa in ta mallaki injinta zai mayar da kuɗinsa kafin kaka ta zagayo. Ita kaɗai na ce ta dawo ranar Litinin da littafin, mu zauna mu cike mata takardun rajista.