Inuwar Giginya: Ƙofofin Jirgi a Yamai, Ƙura a Hanyar Arlit

A ranar 6 ga watan Agusta na 2023 hukumomin ƙasarmu suka rufe sararin samaniyar Nijar, washegari kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai, kafin ƙarshen watan Satumba kuma aka haramta wa jiragen Faransa ratsa samanmu baki ɗaya. Mai niyyar Turai ya koma bi ta Kasablanka ko Istambul. Manyan jiragen da suka saba ƙetare Tenere tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka yi zagaye a makonnin da sama take rufe. A babban birni an yi ta muhawara: wane kamfani zai maye gurbin wanda ya tafi, kuma yaushe filin jirgin Diori Hamani zai cika da jirage kamar na sauran ƙasashe? Tambaya ce mai kyau ga wanda gidansa ke unguwar Plato. Amma ga ma'aikacin Anu Araren, da ɗan kasuwar Arlit, da malamin lakwal na Akokan, tambayar da ta riga wannan ita ce: ta ina ma za a isa ƙofar jirgin?

Bari mu fara da ƙofar kanta, tunda da ita ake yi mana alfahari. Ƙofar jirgi wuri ne da jirgi ke tsayawa ya sauke mutane, a share shi, a zuba masa mai, ya ɗauki wasu. Babban jirgin nisan zango yakan riƙe ƙofa ɗaya sa'o'i, don haka yawan ƙofofi da saurin aikin ma'aikata su ne ke ƙayyade jirage nawa fili zai iya karɓa a yini. A manyan biranen duniya wurin ne ya yi kaɗan, jirage suka yi yawa. A filin Heathrow na Landan, a 2016, kamfanin Oman Air ya biya dalar Amurka miliyan 75 domin samun izinin sauka da tashi sau ɗaya a kowace rana. Turkiyya kuwa sai da ta gina sabon fili dungum a Istambul, ta kwashe jiragenta zuwa can a 2019. Wannan ciwon mai ƙiba ne. Namu ciwon na mai rama ne, kuma likitan da ya rubuta wa ramamme maganin ƙiba ya cuce shi.

A watan Yuni na 2019, gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka, aka buɗe sabon ginin filin Yamai. Kamfanin Summa na Turkiyya ne ya gina shi kan kuɗi kimanin miliyar 100 na sefa, bisa yarjejeniyar ya riƙe filin shekara 30 yana mai da kuɗinsa. Daga ina kuɗin ke komawa? Daga harajin da ke kan jirage da kan tikitin matafiya. Ba mu ce ginin bai yi kyau ba, ƙasa kuma tana bukatar zaure mai mutunci. Sai dai zaure ba ya kiran baƙo. Kamfanin jirgi ba ya tambayar adon falo; lissafinsa shi ne ko zai cika kujeru ɗari biyu da wani abu zuwa da dawowa, ko akwai kaya a cikin jirgin, nawa ne mai, nawa ne inshora. Ranar da lissafi ya ƙi, ko siyasa ta juya, sai ya naɗe tabarmarsa ba sallama.

Dubi Lome. Togo ba ta kai jihar Agadas faɗi ba, nesa ba kusa ba, amma tun da kamfanin ASKY ya fara aiki a 2010 tare da haɗin gwiwar Ethiopian Airlines, ƙananan jirage ke tattaro mutane daga biranen yankin suna zuba su cikin manya. Haka Adis Ababa take cika jiragenta na Sin da na Amurka. Babban kogi da ƙoramu yake cika. Mu kuwa mun gina bakin kogi, mun bar ƙoramun sun ƙafe.

Mutanen arewa sun fi kowa sanin wannan darasi, domin sau uku ana shimfiɗa musu hanyar jirgi a ƙofar gida, kuma ko sau ɗaya ba domin su aka yi ba.

Na farko domin ƙarfen uraniyom aka yi. Somair ta fara haƙa a 1971, Cominak a 1978. A 1975 aka kafa Sonichar domin gawayin ƙasa na Anu Araren, kusa da Cirozerin, kuma tun 1981 injinanta biyu, waɗanda ƙarfinsu bai kai megawat 40 ba, suke bai wa ma'adinai da garuruwan jihar wuta. Filin jirgin Arlit ya tashi ne domin injiniyoyi da shugabannin kamfani. Jirgin na kamfani ne, jerin sunayen masu shiga na kamfani ne. Da aka rufe Cominak ranar 31 ga watan Maris na 2021, bayan shekara arba'in da ƴan kai ana haƙa, wace hanyar jirgi ta jama'a aka bar wa Akokan gado?

Na biyu domin ƴan yawon buɗe ido aka yi. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga watan Afrilu na 1995, kamfanin Point-Afrique ya riƙa kawo Turawa kai tsaye daga Faransa zuwa Agadas a lokacin sanyi. Maƙeran azurfa, da masu raƙuma, da direbobi, da masu masauki sun ci abinci, ba mu musu. Amma da tawaye ya sake tashi a 2007, har aka kai hari filin jirgin Agadas a watan Yuni na shekarar, sai jiragen suka ɗauke ƙafa. Sace mutum bakwai a Arlit a watan Satumba na 2010 ya ƙarasa abin da ya rage. A 2013 UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya, a daidai lokacin da babu jirgin da zai kawo masu kallo. Filin yana ɗauke da sunan Mano Dayak, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a duwatsun Abzin a watan Disamba na 1995, ana kuma kiransa filin ƙasa da ƙasa. Suna ne ya yi saura.

Na uku domin soja aka yi. Amurka ta kashe fiye da dalarta miliyan 100 ta gina sansani mai lamba 201 a gefen Agadas, ya fara aiki a 2019, ta fice daga cikinsa a watan Agusta na 2024. A cikin waɗancan shekaru manyan jiragen da mutumin Agadas ke gani su ne na sojan waje da na mai da baƙin haure ƙasashensu. Ko buhun albasar Tabelot ɗaya, ko kwandon lemun Timiya ɗaya, bai hau su ba. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Kada kuma wani ya ce laifin baƙi ne kaɗai. Baƙo ya zo neman abin da ya kawo shi, ya samu, ya tafi. Ina namu? Air Niger ta mutu a farkon shekarun 1990. Air Afrique, wadda muka haɗu da ƴan uwanmu muka kafa a Yawunde a 1961, ta durƙushe a 2002 da bashi a wuya. Jiragen cikin gida da suka biyo baya, wanda ya dogara da su ya san yadda ake ɗaga tafiya, ya san tsadar tikiti idan an auna da albashin ƙaramin ma'aikaci. Saura hanyar ƙasa. Daga Arlit zuwa Yamai kimanin kilomita 1,200 ne, kuma fiye da rabinsu a kan hanyar Tawa zuwa Arlit suke, wadda aka shimfiɗa a wajejen 1980 domin kamiyon ma'adinai. Gwamnatoci sun sha alkawarin gyara ta, na farar hula da na kaki. Ɗan kasuwar da zai je Dubai ko Guwanzu sayen kaya, wahalar da yake sha tsakanin Arlit da Abalak ta fi ta ƙetare teku. Majinyacin da aka tura babban asibiti fa? Ma'aikacin da aka kira taron yini ɗaya, ya ɓata mako guda fa?

Za a ce mana babu matafiya a arewa. Wa ya ƙidaya su? Motocin safa da ke tashi daga tashoshin Arlit da Agadas cike suke tashi. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, jama'a da dukiya ke kai da kawo a jihar. Matafiyi ba ya shirya tafiyarsa kan jirgin da bai san ranar zuwansa ba. A tsai da rana a cika alkawari shekara guda, sannan a zo a ƙidaya. Za a kuma ce babu tsaro. To, in hanya ba ta da tsaro, ai hujja ce ta samar da jirgi. Wane hankali ne a ce sama ta yi wa babban jami'i haɗari, amma a bar mace da goyo ta kwana a daji cikin motar da ta lalace?

Korar jirgin wata ƙasa haƙƙin gwamnati ne, mai da Somair hannun ƙasa a watan Yuni na 2025 ma haka. Amma yanzu uzuri ya ƙare. Tunda ma'adinin namu ne, nauyin garuruwan da ke bakinsa ma namu ne. Ƴancin kai ana auna shi da abin da aka gina bayan baƙo ya fita, in kuwa abin da za a yi shi ne a sauya Faris da Istambul a ci gaba da zaman jira, to kayan aro ne dai, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da muke nema ba boyayye ba ne. A buga yarjejeniyar filin Yamai a fili, tare da adadin matafiya da harajin da ake karɓa kowace shekara, domin masu biya su san abin da suke biya. A tsai da jadawalin jirgi tsakanin Yamai, Agadas da Arlit, mai ranaku sanannu da farashi sananne. In sai an tallafa, a yi gasar kwangila a bainar jama'a, kamfanin da ya saɓa alkawari ya biya tara. A wadata filin Agadas da mai, da ma'aikatan duwan, da ɗakin sanyi na kayan lambu, da wutar da ba ta yankewa, wanda ke nufin a sabunta injinan Anu Araren da suka haura shekara arba'in suna aiki. Jigilar alhazan jihar daga Agadas ta zama ƙa'ida ta kowace shekara. Kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da dokar 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin, a faɗi nawa aka biya, nawa ake bi. Kafin duk wannan kuma, a gyara hanyar Tawa zuwa Arlit gyara na gaskiya.

Ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago na jihar Agadas su ma kada su zauna suna jiran a tuna da su. Su haɗa baki, su rubuta, su kai wa gwamna da ministan sufuri, su nemi amsa a rubuce mai ɗauke da rana da wata. Duk wanda zai sake zuwa yanke kyallen buɗe wata sabuwar ƙofa a Yamai, a tambaye shi a gaban jama'a: wace rana jirgin Arlit ke tashi, kuma nawa ne tikiti?