Yaranmu Na Haddace Bayoloji, Amma Ba Su Taɓa Tuge Gyaɗa Sun Duba Saiwarta Ba



Duk shekara idan sakamakon JAMB da WAEC da NECO ya fito, koke iri ɗaya ne yake zuwa wa ƙungiya. Yarinya tana son aikin jinya ko ungozoma, yaro yana son likitanci ko haɗa magunguna, amma maki bai kai ba. Abin da ya fi ba iyaye mamaki shi ne Bayoloji na cikin darussan da ke kayar da su, alhali shi ake ɗauka mafi sauƙi cikin darussan kimiyya. Ana tsoron Fiziks saboda lissafi, ana tsoron Kemistiri saboda alamomi, shi kuwa Bayoloji sai a ce ai labari ne, idan jarabawa ta matso sai a haddace. A ganina wannan rainin ne yake cin yaranmu.

Mu dubi yadda jarabawar take. A JAMB tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku kowanne 40. Mai neman likitanci dole ya haɗa Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Idan ka raba lokacin, kowace tambaya ba ta samu cikakken minti ɗaya ba. A 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka zauna jarabawar, sama da miliyan 1.3 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A WAEC kuwa takarda uku ce: ta zaɓin amsa, ta rubutu, sai ta gwaji da hannu wadda yara ke kira firatikal. A nan ne ake ajiye wa ɗalibi fara ko kifi ko ƙashi ko ganye a ce ya zana, ya sa sunayen sassa, ya faɗi yadda siffar abin ta dace da rayuwarsa. Wanda ya haddace shafi yakan tsaya cak idan aka juya masa tambaya, domin abin da ya riƙe jimla ce, bai taɓa ganin abin da jimlar ke magana a kai ba.

Za a ce ai makarantu ba su da ɗakin gwaji, aji ya cika, malami ɗaya yana fama da ɗaruruwan yara. Gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a kan hukuma wanda ba za mu daina nema ba. Sai dai Bayoloji ya sha bamban da sauran. Kemistiri na buƙatar sinadarai da kwalabe. Shi kuwa Bayoloji rabin kayan gwajinsa suna zube a Tirwun kyauta, muna taka su kullum.

Ɗauki gona. Manominmu ya san idan ya haɗa gero da wake, ko ya bi masara da gyaɗa, ƙasa na farfaɗowa. Ɗansa da ke aji biyar na sakandare ya haddace zagayen naitirojin da Turanci, amma bai san maganar gonar babansa ake yi ba. Da za a tuge gyaɗa ɗaya a nuna masa ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarta, a ce a ciki ne ƙwayoyin bakteriya suke zaune suna kama naitirojin daga iska suna mayar da shi taki, an gama da wannan babin har abada. Ƙuduji da ke shanye dawa, da kauci da ke maƙale a reshen bishiya, su ne darasin tsiron da ke rayuwa a jikin wani tsiro. Ruwan da ke kwanciya cikin tsohuwar taya da damina yana ɗauke da tsutsar sauro, a ɗebo shi a kwalba a rufe da ƙyalle, cikin 'yan kwanaki yaro zai ga sauro ya fito da idonsa. Haka talibambam a kududdufi.

Ɗakin girki ma haka. Takardar da aka naɗe ƙosai ta yi shara-shara har haske na ratsa ta, to wannan shi ne gwajin maiƙo da ke cikin littafi. Ɗigon aidin a kan yankakken rogo ko dankali ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, gwajin sitaci ke nan. A barbaɗa gishiri a kan yankakken kokwamba, ruwa ya tsattsafo, an ga osmosis. Kumburin ƙullin fanke aikin yis ne, daskarewar kindirmo aikin bakteriya ne. Ranar babbar Sallah kuwa kusan kowane layi sai an feɗe rago. Zuciya mai ɗaki huɗu, huhu, hanta, ƙoda, tumbi mai kashi huɗu na dabba mai tuƙa, duk ga su a faranti. Mu kan kori yara ne mu ce su matsa kar su ɓata kaya, sannan a watan Mayu mu biya kuɗi a tambaye su zanen zuciya.

Akwai kuma batun harshe, wanda na san wasu malamai ba za su yarda da ni ba. Yaro yana yaƙi biyu ne a lokaci guda, yana neman gane abu yana kuma neman gane Turancin da aka faɗe shi. Ni ra'ayina a fara warware masa da Hausa har ya iya mayar da bayani da bakinsa, sannan a ɗora masa kalmar Turanci ya rubuta ta sau goma. Kada a yi wasa da wannan na biyun, domin masu maki ba sa yafe kuskuren harafi a sunan sassa. Zane ma yana da doka: fensir mai tsini, layi ɗaya tsaf ba tare da shafe-shafe ba, layukan nuni da rula kuma kada su gicciye juna, a sa take, a rubuta ninkin girman zanen. Waɗannan makuna ne da ake zubarwa a banza, ba don yaro bai da ƙwaƙwalwa ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya zana fara ta gaske.

Ban ce a watsar da tsofaffin tambayoyi ba. Suna da amfani ƙwarai wajen sanin salon tambaya da koyon sauri, musamman da yake JAMB a kwamfuta ake yin ta. Amma a bayan karatu suke zuwa. Littafin Ramalingam ko na Michael da manhajar JAMB su ne gaba, a bi babi-babi.

Sai maganar da ba a son yi a fili. Akwai iyayen da ke biyan kuɗi a kai yaro cibiyar da ake ba da amsa, ya fito da kiredit tara reras. To takarda ta samu. Amma idan ya shiga ATBU ko Jami'ar Sa'adu Zungur ko ta kimiyyar lafiya da ke Azare, Bayolojin aji ɗaya na jiran sa, kuma daga inda sakandare ta tsaya ake ɗorawa. A nan ake fara tara kariyoba, wasu a sauya musu kwas, wasu su dawo gida bayan an kashe kuɗin rajista da na haya. Wanda ya sulale ya wuce a haka kuwa ya fi ban tsoro, domin wata rana shi ne zai duba jinin ɗanka ko ya ɗaura wa mahaifiyarka ruwa.

Ko yaron da ba zai taɓa shiga jami'a ba yana buƙatar wannan ilimin. Jiharmu na cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi addaba a ƙasar nan, tare da Ondo da Edo, kuma ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Wanda ya gane haka ba zai shanya gari a bakin titi ya tafi ba. Sikila ma haka. Mutane da yawa sun ji cewa idan AS ya auri AS ɗaya cikin huɗu ne, sai su ɗauka idan an haifi mai ciwo ɗaya, ukun da za su biyo lafiya lau. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa daban, kamar a sake jefa ƙuri'a, ana iya samun biyu ko uku a jere. Wannan darasin gado ne na aji shida, ana zana shi a ƙaramin akwati mai gida huɗu, kuma rashin gane shi ya jefa gidaje da dama cikin jinyar shekaru.

Shawarar da zan gabatar a zamanmu na gaba ita ce ƙungiya ta ɗauki nauyin darasin gani da ido, awa biyu kowace Asabar, ga 'yan aji huɗu zuwa shida, maza da mata, mata da nasu lokacin don iyaye su samu natsuwa. Muna da malaman kimiyya a unguwar nan, muna da ma'aikatan jinya da masu gwajin jini, muna da ɗaliban ATBU da ke zaman hutu. Abin da za a saya kaɗan ne: madubin hannu mai ƙara girma guda goma, aidin, fensira, rula, takardun zane. Sauran mahauta da manoma da masu kifi za su kawo. Muna buƙatar aji ɗaya da za a ara mana da mutum huɗu da za su riƙa karɓa-karɓa, kuma ya kamata a fara tun damina ba ta ɗauke ba, lokacin da gyaɗa ke ƙasa kuma kududdufai ba su ƙafe ba. Wanda zai iya ba da Asabar ɗaya a wata ya same ni ko shugaba kafin ranar zama.

Sakataren ƙungiya