Mai Situdiyo Ma Yana Da Bakin Ciyarwa

Wani mai shirya bukukuwa a unguwar Alsawra da ke Umdurman ya tashi a gaban jama'a kwanan nan ya ce tunda mawaƙa sun fara dawowa daga Alƙahira, kamata ya yi masu situdiyo su buɗe musu ƙofa su ɗauki waƙoƙinsu kyauta, wai gudummawarsu ke nan ga farfaɗo da gari. Aka yi ta gyaɗa kai. Shi kuwa mai maganar, hayar kujeru da rumfa da lasifika yake bayarwa, kuma ba ya sauke ko kujera ɗaya daga mota sai ya ga kuɗinsa.

Abin da ya faɗa shi ne abin da kusan kowa ya haɗiye a Umdurman da Khartum: wai a gidan biki ake cin kuɗin waƙa, ɗaukarta a situdiyo talla ce kawai. Wannan magana zalunci ce, kuma ita ta hana sana'ar tsayawa da ƙafarta tun kafin a harba harsashin farko na yaƙin Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023.

Ku shiga ɗakin ɗaukar murya a watan Mayu ku gani. An liƙe bango da soso, an toshe taga, an kashe fanka da na'urar sanyi domin makirufo na kwashe ƙararsu. Mawaƙi ya yi baiti biyu ya fita shan iska. Furodusa yana nan zaune, gumi na ɗiga a kan kibod, yana gyara inda murya ta kauce, yana ɗora ganga a kan ganga har asuba. Wuta ta ɗauke, batir ya ja baya, janareta kuma sai an kai shi can bayan gida, da man da aka saya da tsadar gaske. Makirufo da kwamfuta da lasifika duk da dala ake shigo da su. Kafin yaƙi dala ɗaya wajen fam 600 ce a kasuwa, yau maganar dubbai ake yi. Wanda aka fasa wa shago a Khartum ko Bahri aka kwashe masa kaya, da wane kuɗi zai sake sayen su? Bayan duk wannan, abin da furodusa yake ji shi ne za a turo masa kuɗinsa ta manhajar Bankak idan sabis ya dawo. Sabis yakan dawo, kuɗin ne ba sa zuwa. Ranar Alhamis ka ji waƙar tana tashi a gidan biki, an biya mai kibod, an biya direba, an biya telan da ya ɗinka wa mawaƙi jallabiya.

Za a ce ai mawaƙan ma yaƙi ya talauta su. To wa ya bari? Za a ce yanzu da waya ma ana ɗaukar waƙa. Sai su ɗauka da wayar, su daina ƙwanƙwasa ƙofar mutane da tsakar dare.

Ni dai na san inda cutar ta samo asali. Tun da aka buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940, shekara da shekaru kusan shi kaɗai ne wurin ɗaukar waƙa a ƙasar. Kwamiti ne ke sauraron muryarka ya amince ko ya kore ka, a ɗauka, tef ya zauna a ma'ajiyar hukuma. A'isha Falatiya, 'yarmu Bahaushiya da ta fara rera waƙa a gidan a 1942, ta wannan ƙofar ta bi kamar kowa. Mutane suka tashi da sanin cewa ɗaukar murya aikin gwamnati ne, ba wanda ke sa hannu a aljihu dominsa, ba kuma wanda ke tambayar na waye faifan. Da dakarun RSF suka mamaye harabar gidan har zuwa Maris 2024, sai hankalin kowa ya tashi a kan ma'ajiyar, alhali da can ba a damu da wanda ya zauna ya ɗauki muryoyin da ke ciki ba.

Mawaƙi Kamal Keila ya yi sa'a ya riƙe tef biyu na aikin da ya yi a rediyo. Su ne kamfanin Habibi Funk na Balin a Jamus ya gyara ya fitar a 2018, ake sayarwa a duniya. Mutanen Balin sun gane cewa murya da aka ɗauka da kyau dukiya ce. Mu muna nan muna kiranta talla.

Masu situdiyo, ku ma da laifinku, kunya ta yi muku yawa. Ku karɓi rabin kuɗi kafin a kunna kwamfuta. Ku rubuta yarjejeniya ko a takardar makaranta ce: sunanku a jikin waƙar, da kasonku idan ta kawo wani abu nan gaba. Kada waƙar da aka gama tacewa ta bar kwamfutarku ta WhatsApp sai cikon ya shigo.