Waken da Ƙwaro Ya Ƙi Ci: Laifinmu da Laifin Gwamnati



Rannan ina zaune a rumfata a kasuwar Bodija sai ga wata Iya mai tuyar ƙosai, wadda ta fi shekara goma tana sayen wake a hannuna. Ta ɗebi wake a tafin hannu, ta shinshina, ta mayar, sannan ta nuna wani buhu da na jingine a gefe saboda ƙwari sun fara huda shi, ta ce daga can zan auna mata. Na ce haba Iya, ga mai kyau ki ce sai wancan? Ta ce waken da ƙwaro ya ci ya rayu, ita ma in ta ci za ta rayu. Muka yi dariya, amma wallahi maganar ta kwana tana cina. Ashe har mun kai lokacin da kyan wake ya zama abin zargi.

Kafin in taɓa kowa bari in fara da kanmu, don in za ka faɗi, faɗi gaskiya. Akwai daga cikinmu masu zazzage wake a kan tamfol su yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper, su mayar buhu su ɗinke. Kowa ya san haka, daga Dawanau har nan. Sinadarin da ke cikin waɗannan magunguna, wato DDVP, guba ne, ba a yi shi don a zuba a kan abin da mutum zai dafa gobe ba. Saboda shi ne a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, ta kuma tsawaita haramcin a 2016. A 2018 aka yaɗa hoton bidiyo na masu zuba wa wake Sniper, ƙasa ta ɗauka. To wa aka nuna wa yatsa a nan Kudu? Ba wanda ya tambayi sunan mai laifi, cewa kawai aka yi “aboki” na sayar da guba. Mu da muka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 mun san yadda ƙaramar magana ke zama gobara a kan baƙo. Saboda haka wannan batu a wurinmu ya wuce na ciniki, ya shafi mutuncinmu da zaman lafiyarmu.

To amma mai karatu, me ke kai mutum mai hankali ga wannan aika-aika? Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo kaya. Macen ta saka ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, cikin kamar wata guda ta fito da fiffike ita ma ta saka nata. Kafin wata shida buhun da ka zuba jarinka a ciki ya koma gari da ɓawo. Mutumin da ke kallon dukiyarsa na narkewa, in ba a nuna masa wata hanya ba, duk kwalbar da mai shago ya miƙo masa zai karɓa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne hanyar tana nan, kuma ta daɗe. Tun ƙarshen shekarun 1980 masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na arewacin Kamaru suka gano cewa in ka hana ƙwaron iska ya gama yawo. Daga nan aka samo buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa sosai a 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ka zuba busasshen wake, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Ba ɗigon magani ko ɗaya. Duro mai murfi ma in an cika shi an toshe sosai haka yake yi.

Kuma ba cibiyoyin bincike muka rasa ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tun 1922 take. Akwai cibiya sukutum a Ilori wadda aikinta kawai binciken yadda za a adana amfanin gona, tushenta tun 1948. A ƙarshen 2019 masanan Samaru suka fitar da irin waken SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke cin fure da kwanson wake a gona ba ta iya masa, har manomi ya rage feshi zuwa sau biyu kacal. Na san akwai masu jayayya a kansa saboda an sauya masa ƙwayar halitta, kuma a sani cewa shi maganin tsutsar gona ne, bai hana ƙwaron rumbu ba. Amma dai ya nuna muna da mutanen da suka san aikinsu.

To ina gizo ke saƙar? Tsakanin ɗakin bincike da bakin rumbu. Lokacin da aka kafa shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, malamin gona kan babur yake shiga ƙauye ya zauna da manoma a gindin bishiya. Yau ka tambayi ƙanenka da ke gida yaushe rabon da ya ga malamin gona a gonarsa. A 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo cewa za su riƙa ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi ga noma. Gwamnatin Tarayya ba ta ko kusanci wannan adadi ba. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, amma an bar mai sayar da maganin ƙwari a kasuwar ƙauye ya zama shi ne malami, shi ne likita. Binciken da ya tsaya a takardar Turanci, aka karanta shi a taron otel aka tafa aka watse, me ya ƙara wa mai buhu hamsin a sito? Kwalliya ce ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ni a shekarun da na yi ina wannan sana'a, masu karɓar haraji ba su taɓa ɓatan hanyar rumfata ba, amma ban taɓa ganin wanda ya zo koya mini ajiyar kaya ba. Buhun nan ma daga bakin wani direban babbar mota na fara jin labarinsa.

Saboda haka ga kirana. Gwamnati ta daina tsayawa kan kame da barazana bayan ɓarna ta auku. Ta ɗauki malaman gona aiki, ta ba su abin hawa, ta sa su shiga manyan kasuwannin hatsi, ba gonaki kaɗai ba, domin a hannun ɗan kasuwa wake ya fi daɗewa. A yi bayani a rediyo da Hausa da Yarbanci. A sauƙaƙa farashin buhun ya wadata a ko'ina.

Mu kuma kada mu zauna jiran gawon shanu. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan hatsi su kafa doka: duk wanda aka kama yana zuba wa wake guba a rufe rumfarsa, ko ɗan wane ne. Mu yi karo-karo mu saro buhunan da yawa, mu aika wa masu yi mana sayayya a gida. Eh, buhun ya fi na gargajiya tsada, amma in ba a huda ledar ba ana sake amfani da shi, kuma ran mutum ɗaya ya fi tirela goma.

Ni dai na fara da nawa siton. Ranar da Iya ta dawo, a gabanta zan kwance ɗaurin nan uku ta gani da idonta.

Allah Ya ba mu halaliyarmu, Ya tsare mu da cutar da bayinSa. Wassalam.