Latin Amurka: wa Washington ke hukuntawa, wa take ba tukwici?

Ranar 11 ga Satumba 2025, Kotun Ƙolin Brazil ta yanke wa tsohon shugaban ƙasa Jair Bolsonaro hukuncin ɗaurin shekaru 27 da wata 3, bayan ta same shi da laifin kitsa juyin mulki domin hana Lula da Silva hawa kujerar da ya ci a zaɓen 2022. Alƙalai huɗu cikin biyar ne suka amince da hukuncin. A ƙasar da sojoji suka mulka daga 1964 zuwa 1985, wannan ne karon farko da kotu ta hukunta tsohon shugaba tare da manyan janar-janar kan yunƙurin kifar da tsarin mulki.

Wanda ya saba jin jawaban Amurka kan dimokuraɗiyya zai zaci saƙon yabo ne zai biyo baya. Abin da Brazil ta samu, tun ma kafin a yanke hukuncin, shi ne harajin kashi 50 cikin 100 kan da yawa daga kayayyakin da take kaiwa Amurka, wanda ya fara aiki ranar 6 ga Agusta, sai kuma takunkumi a kan alƙali Alexandre de Moraes mai jagorantar shari'ar. Donald Trump bai ɓoye dalilinsa ba. A wasiƙar da ya aike wa Lula ranar 9 ga Yuli ya ambaci shari'ar Bolsonaro, ya nemi a tsayar da ita. Hujjar giɓin kasuwanci da yake kafawa a kan wasu ƙasashe ba ta da gindin zama a nan, don shekara da shekaru Amurka ce ke sayar wa Brazil fiye da abin da take saye daga gare ta.

A waɗannan makonni ne kuma, ranar 31 ga Yuli, majalisar dokokin El Salvador ta soke ƙayyade wa'adin shugaban ƙasa, ta tsawaita shi daga shekaru 5 zuwa 6. Nayib Bukele, wanda ya riga ya yi wa'adi na biyu a 2024 duk da haramcin da ke cikin kundin tsarin mulki, yanzu yana iya tsayawa takara har illa masha Allahu. Ƴan Nijar da suka ga 2009 suna da kalmar da ta dace da wannan: tazarce. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fito ta kare matakin, tana cewa zaɓaɓɓiyar majalisa ce ta ɗauke shi.

Batun Bukele ya fi abin da masu sukarsa ke so su yarda wuya. A 2015 ana kashe fiye da mutum 100 cikin kowane 100,000 a ƙasar, adadin da ya fi na ko'ina a duniya a lokacin. A 2024 alƙaluman gwamnati sun ce bai kai mutum 2 ba. Matar da a da take biyan ƴan daba kuɗin fito kafin ta buɗe rumfarta, yau tana buɗewa ba fargaba, kuma ita da irinta ne suka ba shi kusan kashi 85 cikin 100 na ƙuri'u. Kuɗin da aka biya shi ne dokar ta-ɓaci da ake sabuntawa wata-wata tun Maris 2022, da mutum sama da 80,000 da aka kama, dubbai daga cikinsu ba tare da wata tuhuma takamaimai ba. Ƴan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam da dama sun bar ƙasar. Shirun Washington kan wannan yana da alaƙa da wata hidima: a Maris 2025 Bukele ya karɓi ƴan Venezuela fiye da 200 da Amurka ta kora, ya kulle su a babban kurkukunsa na CECOT, bisa yarjejeniyar da Amurka ta biya kuɗi a kanta.

Nahiyar tana da doka kan irin waɗannan al'amura. Ranar 11 ga Satumba 2001, a birnin Lima, ƙasashen ƙungiyar OEA suka amince da kundin dimokuraɗiyya wanda ya ba su ikon dakatar da duk ƙasar da aka karya tsarin mulkinta. Watanni uku bayan haka CEDEAO ta sa hannu a Dakar kan yarjejeniyarta mai kama da wannan. An yi amfani da kundin na Lima a 2009, lokacin da sojojin Honduras suka fitar da shugaba Manuel Zelaya daga ƙasar, aka dakatar da Honduras har zuwa 2011.  Ba shi da wata amsa mai ƙarfi ga shugaban da ya ci zaɓe da gaske, ya sauya alƙalai, ya gyara kundin tsarin mulki da rinjayen majalisa. Nicaragua ta Daniel Ortega ma ba ta jira a kore ta ba, ta fice daga OEA a 2023. Sabon babban magatakarda Albert Ramdin, ɗan ƙasar Suriname, ya gaji ƙungiyar da kusan rabin kasafin kuɗinta ke fitowa daga aljihun Amurka.

Tattalin arziki ne ke nuna wanda zai iya cewa a'a. Lula ya iya tsayawa kan bakansa saboda kimanin kashi 12 cikin 100 kaɗai na kayan da Brazil ke fitarwa ke zuwa Amurka. Tun 2009 ƙasar Sin ce babbar abokiyar cinikinta, ita ke sayen waken suya da tama da ɗanyen man fetur. Harajin ya taɓa kofi da naman shanu, amma an keɓe jiragen sama na Embraer da ruwan lemo, don masu saye a Amurka ma za su ji a jikinsu. A cikin gida kuwa matsin ya ƙara wa Lula farin jini.

Meziko ba ta da wannan sararin: kusan kashi 80 cikin 100 na kayanta Amurka suke zuwa. Shi ya sa shugaba Claudia Sheinbaum ta zaɓi lallashi, ta tura jami'an tsaro 10,000 zuwa iyaka a Fabrairu, ta miƙa gomman shugabannin masu safarar ƙwaya. A Kolombiya, Gustavo Petro ya hana jiragen soja biyu ɗauke da korarrun baƙin haure sauka a Janairu, amma kafin gari ya waye barazanar haraji ta sa ya janye. Panama ta fice daga shirin Sin na sabuwar hanyar siliki bayan Trump ya yi maganar ƙwato mashigin ruwanta. Honduras da El Salvador kuwa, kuɗin da ƴan ci-rani ke aikowa gida ya kai kusan rubu'in arzikin da kowacce ke samarwa a shekara, don haka batun korar baƙin haure a wurinsu batun tuwon dare ne.

Ajantina ta nuna ɗaya fuskar. Javier Milei ya karɓi mulki a Disamba 2023 hauhawar farashi ta kai kashi 211 cikin 100. Ya zaftare kashe kuɗin gwamnati, farashi ya lafa, asusun FMI ya amince masa da dala miliyar 20 a Afrilu 2025. Da kuɗin peso ya fara tangal-tangal dab da zaɓen ƴan majalisa, baitulmalin Amurka ya shigo da yarjejeniyar musayar kuɗi ta wasu dala miliyar 20, har ya sayi peso a kasuwa. Trump ya faɗa a bainar jama'a cewa tallafin ya dogara ne ga nasarar Milei. Ranar 26 ga Oktoba jam'iyyarsa ta zo ta ɗaya da kusan kashi 41 cikin 100. Ko da a ce masu zaɓe sun yanke shawararsu ne kan farashin kayan masarufi, shugaban wata ƙasa ya ɗora kuɗi a ma'aunin zaɓe ido na ganin ido. Wani abin dariya a ciki: a Satumba, da Ajantina ta ɗage harajin fitar da waken suya na ƴan kwanaki, Sin ce ta kwashe shi jirgi-jirgi, manoman Amurka da suka rasa kasuwar Sin na kallo.

Ke nan ko abokan Trump na kusa ba su iya rabuwa da Beijing. Cinikin Sin da Latin Amurka ya tashi daga kimanin dala miliyar 12 a 2000 zuwa sama da miliyar 500 a 2024, shekarar da Xi Jinping ya ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Chancay a Peru. Aƙidar Monroe ta 1823 ta ce manyan ƙasashen waje su nisanci nahiyar. Ba ta yi tanadin ranar da manomin Brazil zai riƙa duba farashin Shanghai kafin ya shuka ba.

A ƙarshen 2025, inda haɗari ya fi yawa shi ne Venezuela. Nicolas Maduro ya ayyana kansa wanda ya ci zaɓen 28 ga Yuli 2024 ba tare da hukumar zaɓe ta wallafa sakamakon rumfa-rumfa ba, alhali ƴan adawa sun fitar da takardun da ke nuna Edmundo Gonzalez ne ya yi rinjaye. Lula da Petro, waɗanda ba maƙiyansa ba ne, sun ƙi amincewa da sakamakon. Kusan mutum miliyan 8 sun bar ƙasar. Amma daga ranar 2 ga Satumba 2025 sojojin Amurka suka fara harba makamai kan ƙananan jiragen ruwa a tekun Karebiyan da na Pasifik, sun kashe mutane da dama da suka kira masu safarar ƙwaya, ba kamu ba shari'a, aka kuma jibge jiragen yaƙi kusa da gaɓar Venezuela. Gwamnatocin da suka yi tir da maguɗin Maduro a lokacin suna tuna Guatemala a 1954, Chile a 1973, da Panama a 1989, kuma kaɗan ne suka so a gan su suna tafa wa mamaya. Rabuwar kan ta kai har Jamhuriyar Dominika ta ɗage taron ƙolin ƙasashen nahiyar da aka shirya yi a Disamba 2025 zuwa 2026.

Lula da Trump sun gana a Kuala Lumpur ranar 26 ga Oktoba, an buɗe tattaunawa kan harajin, Brazil kuma ta ce shari'ar Bolsonaro ba ta cikin abin da za a yi ciniki a kai. Chile ta yi zaɓe ranar 16 ga Nuwamba 2025, Honduras ranar 30, an kuma tsayar da na Kolombiya a Mayu 2026, na Brazil a Oktoba. Bayan abin da ya faru a Buenos Aires, ƴan takarar dama a waɗannan ƙasashe sun samu dalilin neman albarkar fadar White House, abokan hamayyarsu kuma suka riƙa duba yadda harajin Trump ya ɗaga Lula a ƙuri'un jin ra'ayi.